Mai A-Kori-Kura Ya Daina Dogara Da Tura

Ran Jumma'a, ranar kasuwar Wudil, wanda ya tsaya bakin kara ko kusa da gada ba zai daɗe ba sai ya ga a-kori-kura cike da kaya, samari huɗu ko biyar suna turinta. In an tambayi mai ita sai ya ce kik ne ya mutu, watau ɗan injin nan da ke juya babban inji in an murɗa makulli. A ganinsa tattali ya ke yi, alhali kuwa hasara ya ke tarawa.

Galibin motocin nan tsofaffi ne. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, har yau kuwa akwai 504 masu jigilar taki da albasa waɗanda suka girmi direbobinsu. Ba abin kunya ba ne kik ɗinsu ya gaji.

Tura tana yiwuwa a kan kwalta. Amma gonar rani a fadama ta ke, ga yashin bakin kogi, ga kwandunan tumatir an ɗora. Wa zai tura ta a nan? Tumatir kuwa ba ya jira. In ya yini a rana bai isa 'Yan Kaba ba, dillali ne zai yanka masa kuɗin da ya ga dama. Waɗansu don tsoron haka sai su bar inji yana ci har su gama ciniki. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023, man da a ke ƙonawa a tsaye cikin 'yan makonni ya isa kuɗin gyara.

To, amma kada a yi gaggawar sayen sabo. Sau da yawa ba laifin kik ba ne. A kunna fitilu, sa'an nan a murɗa makulli. In sun dushe ƙwarai, a fara duba batir da kawunansa, domin farin garin nan da ke taruwa a kansu yana hana wuta wucewa. Samfefa da sifana sun isa maganinsa. In fitilu suna nan da haskensu, aka ji ƙas kaɗai, to lalle abin yana cikin kik. Wanda sai an ƙwanƙwasa shi da sifana ya ke tashi, burushinsa ne ya cinye, kuma ɗan rewaya na gari zai canja shi da kuɗi kaɗan. In kuwa yana juyawa fiu amma inji bai motsa ba, ɗan giyan bakinsa ne ba ya kama haƙoran filawil.

Sai in wayoyin ciki sun ƙone ne ya kamata a nufi Ƙofar Ruwa a Kano. Mai tafiya ya riƙe tsohon a hannu, a ƙirga haƙoran giyan, a gwada ramukan noti, gama na injin fetur da na gas ba ɗaya ba ne. Na Beljiyam mai lafiya ba laifi, muddin an jona shi da batir ya juya a gaban mai saye kafin ya biya.

Wajen ɗaurawa, a fara cire wayar batir wadda ta tafi jikin mota, don babbar wayar kik kullum da wuta ta ke, in sifana ya haɗa ta da ƙarfe sai gobara. Noti biyu ko uku ne ke riƙe da shi. Bayan an ɗaura kuma, kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 a murɗa guda. A bar shi ya huce tukuna.

Lokacin wannan aiki shi ne da kaka, sa'ad da kuɗin amfanin damina ke hannu, tun tumatir ɗin rani bai nuna ba.