Kafin mu ce an yi mana zagon ƙasa

Jama'a, duk ranar da rumbun bayanan rajistar mambobi ya ƙi buɗuwa, sai ka ji ana cewa ɗaya ɓangaren ne suka canza kalmar sirri. Ni dai ban yarda da wannan saurin zargi ba.

A MySQL, kuskure mai lamba 1045 ba lallai yana nufin an kore ka ba ne. Rumbun yana haɗa sunanka da na'urar da ka shigo ta kanta. Wanda aka ba izini daga kwamfutar ofis, in ya gwada daga gida, ana iya hana shi ko da kalmarsa daidai take. Haka in kalmar tana da alamar @, aka saka ta cikin adireshin haɗi ba a mayar da ita %40 ba, a karkace za a karanta ta. Kai, wani ma maɓallin manyan baƙaƙe ya bari a kunne!

Abin da ya fi damuna shi ne mutum goma suna amfani da kalma ɗaya, ana yawo da ita a WhatsApp. A ba kowane sakatare tasa, a kunna rajistar shige da fice, domin ranar da aka goge sunan wani mamba a ga da sunan wa aka shiga.