Kada Ki Tsaya A Rumfar Bakin Ƙofa

 

Kowace uwargida ta san gargaɗin da takan yi wa yaro in za ta aike shi kasuwa. Ko shinkafa zai auno a Tudun Wada, ko masara a Kwanar Ɗangora, maganar ɗaya ce: "Kada ka tsaya a rumfar bakin ƙofa. Shiga ciki ka zagaya, ka damƙi kaya ka duba, ka taya wuri biyu ko uku kafin ka miƙa kuɗi." Dalili kuwa a fili yake. Mai rumfar bakin ƙofa wuri ya samu, samun wuri daban, kyan kaya daban. To, yau ga wata kasuwa ta shigo mana har ƙuryar ɗaki, tana ci dare da rana, amma abin mamaki, mu masu gargaɗin yara mu ne muke tsayawa a rumfar farko. Wannan kasuwa tana cikin wayar da ke hannunki.

Duk babbar waya, watau wadda ake shafawa, takan zo da wurin da ake sauke manhaja. Kamfanin Apple ya buɗe nasa a shekarar 2008, kamfanin Google ma ya buɗe nasa a wannan shekara, shi ne wanda tun 2012 ake kira Google Play, mu kuma muke ce masa Play Store. Manhajojin da ke ciki sun haura miliyan, ga shi fuskar wayarki ba ta ɗaukar fiye da huɗu ko biyar a lokaci ɗaya. Saboda haka kowane mai manhaja yana kokawar ya fito a sama. Wani yakan biya kuɗin talla a ɗora shi a gaba. Wani yakan cusa wa sunan manhajarsa kalmomin da ya san mutane suna yawan nema. Wani kuma, marar tsoron Allah, yakan yi hayar mutane su yi ta ba shi taurari biyar suna yabon abin da ba su taɓa amfani da shi ba.

Haka abin yake in kin yi tambaya a shafin matambayi ba ya ɓata na Google. Amsar da ta fito a sama sau da yawa talla ce, in kin lura za ki ga an rubuta Sponsored a kanta da ƙananan baƙaƙe, ma'anarsa an biya. Akwai mutanen da ba su da wata sana'a sai ta tura shafi sama. Sana'a ce ta halal ga mai gaskiya, amma ɓarawo ma ya iya ta.

Kada ku ce wannan maganar 'yan birni ce. A shekarar 2022 wata maƙwabciyata a nan ƙasar Bebeji, mai sana'ar turara shinkafa, jarinta ya karye. Ta sa 'yarta ta duba mata waya ko akwai inda ake ba da rance. Manhajar da ta fito a sama ita suka sauke, ga taurari reras, ga hoton mace tana murmushi. Manhaja ta yi wasu tambayoyi da Turanci, yarinya ta yi ta danna na yarda, ba su san izini suke bayarwa a kwashe lambobin mutane da hotunan da ke cikin wayar ba. Ta nemi naira dubu 20, aka zaftare wani abu tun kafin kuɗin su iso, aka ba ta kwana bakwai ta biya da ruwa. Wanda ya ɗauki shinkafarta bai kawo kuɗi kan lokaci ba, ta makara kwana uku.

Ran na huɗu sai ga saƙo ya shiga wayar mijinta, da ta surukarta, da ta malamar Islamiyyarsu, har da ta matar da ta taɓa yi mata kitso, ga hotonta an rubuta ɓarauniya ce. Maigida bai ma san ta ci bashi ba. Sai da ta yi wata guda a gidan iyayenta kafin manya su sa baki a yi biko. Kuɗi dai an biya, ta koma ɗakinta, amma har yau ba ta sake jiki a gidan biki. Masu iya magana sun ce mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa.

Ba ita kaɗai abin ya taɓa ba. Ƙorafi ya yi yawa a ƙasar nan har hukuma ta motsa. A watan Agustan 2021 hukumar NITDA mai kula da fasahar sadarwa ta ci tarar wani kamfanin irin wannan bashi naira miliyan 10 saboda tona asirin masu cin bashi. A watan Maris na 2022 hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu sayayya ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas, ta kuma nemi a cire manhajojinsu daga kasuwa. Shi ma kamfanin Google, daga ranar 31 ga Mayun 2023 ya hana manhajojin bashi taɓa lambobi da hotunan da ke cikin waya. Madalla da wannan. Amma ku tuna, in an kori mugu daga kasuwa yakan koma talla gida gida. Yanzu ta WhatsApp sukan turo hanyar saukewa, su ce danna nan. Abin da bai bi ta kasuwa ba, babu sarkin kasuwar da ya duba shi.

Ku kuma 'yan makaranta, ga taku. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, tun 2021 kuma sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ake rajista. Ke nan ba makawa sai kun shiga intanet. Wata tsohuwar ɗalibata ta je neman sakamakonta, ta danna abin da ya fara fitowa, shafi ya yi mata alkawarin ƙarin maki in ta tura kuɗi da lambobinta. Kuɗin da uwarta ta tara da adashi suka tafi, maki yana nan yadda yake. Babu mai ƙara maki, 'yan mata. Ku dubi adireshin shafi a can sama kafin komai. Na hukumomin gwamnati irin su JAMB da NECO suna ƙarewa da gov.ng. In kin ga an ƙara wani abu a bayansa, ko an sauya baƙi ɗaya, kyan ɗan maciji ne, ki ja da baya.

Amma in za a faɗi gaskiya, laifin ba namu ba ne mu kaɗai. Shafukan gaskiya da yawa, na makarantu da na ma'aikatu, an tsara su ne a kan babbar kwamfuta a ofis mai sanyi, inda sabis yake gudu kamar ruwan Tiga in an buɗe ƙofa. Ki buɗe shi a ƙaramar waya a Riruwai, ko a wani ƙauye a gefen dajin Falgore, sai ya yi ta juyi yana shan data. In ya buɗe, rubutu ƙanana kamar tururuwa, rabin fom ya ɓuya a gefe, wurin dannawa ya fi ƙarfin yatsa. Shi kuwa macuci ya share ƙofar rumfarsa, shafinsa ba nauyi, yana buɗewa nan take. Yarinyar da ta gaji da jiran ƙofar gaskiya, ina za ta nufa?

Wannan abu yana da magani, kuma an daɗe da saninsa. Ana iya ɗinka shafi ya dace da kowace fuska, babba da ƙarama, kamar zane da yake yi wa siririya da mai jiki. Tun watan Afrilun 2015 kamfanin Google ya fara fifita shafukan da suke buɗuwa da kyau a waya. A shekarar ne kuma kamfanin Facebook ya fito da Facebook Lite, manhaja marar nauyi domin masu ƙananan wayoyi da raunin sabis. In 'yan kasuwar Amurka sun tuna da mu saboda ribarsu, ai namu sun fi cancanta su tuna. Muna kira ga masu riƙe da makarantu da ma'aikatu, kafin su biya wanda ya tsara musu shafi, su aika a gwada shi da waya mai araha a Doguwa ko Kiru, su kuma sa a rubuta bayanin da Hausa.

Kada kuma tsoro ya sa ki jefar da waya. Sanin nan da mugu yake cuta da shi, ke ma kina iya cin halal da shi. Ke mai shinkafa, ke mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ke mai soya kifin Tiga, in za ki tallata kayanki kada ki sa hoto kawai ki yi shiru. Mai nema da kalma yake nema. Ki rubuta sunan kaya yadda mutane suke faɗarsa, da sunan garinku, da farashin kwano ko kwalba. Hoto ɗaya mai haske ya fi goma masu nauyi waɗanda ba za su buɗe ba. Manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, tana da wurin jera kaya da farashinsu. Sai dai abin da kika nuna ya zama shi za ki auna, domin mai saye da ya ji daɗi shi ne tauraron da ba a saya da kuɗi.

A taƙaice, ga abin da nake roƙonku. Na farko, kada ki sauke abu don ya fito a sama. Ki gangara ki karanta maganar masu tauraro ɗaya, a nan ake jin kukan waɗanda aka cuta. Na biyu, in manhaja ta nemi izini, ki tambayi kanki me ya haɗa ta da abin da take nema. Fitilar waya ba ta da hulɗa da lambar surukarki. Na uku, abin da aka rubuta da Turanci ba ki gane ba, kada ki danna. Ki kira 'yarki ko malamar makarantar garinku ta fassara miki, tambaya ba ta zama abin kunya. Na huɗu, maganar bashi a yi shawara da maigida tun da fari, adashin da muka gada kuwa har gobe ya fi rufin asiri.

Ku kuma 'yan makaranta, ku ne idon iyayenku a wannan kasuwa. In Inna ta miƙo miki waya ta ce duba mini, aike ne ta yi miki, sai ki riƙe shi amana. Ki shiga ciki ki zagaya, ki karanta a hankali, ki faɗa mata abin da aka rubuta tun kafin yatsa ya taɓa.

Allah ya rufa mana asiri, ya tsare mana mutuncinmu da na 'ya'yanmu, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.