Idan an kashe tashar kwal, wa zai kwashe tokar?

A ranar 2 ga Fabrairun 2014, wani tsohon bututun ruwan sama da ya bi ta ƙarƙashin kududdufin toka ya fashe a garin Eden na jihar North Carolina a Amurka. Kimanin tan dubu 39 na tokar kwal ta malala cikin kogin Dan, ta lulluɓe ƙasan kogin har nisan fiye da kilomita 100. Tashar wutar lantarkin da ta tara wannan toka kuwa ta daina ƙona kwal tun 2012. Injinanta sun yi shiru shekara biyu, amma kududdufinta na nan cike maƙil.

Irin wannan matsala na ƙara fitowa fili yanzu da ƙasashe ke rufe tashoshin kwal ɗaya bayan ɗaya. Birtaniya ta rufe ta ƙarshe, Ratcliffe-on-Soar, a ƙarshen Satumban 2024. Afirka ta Kudu ta kashe tashar Komati a Oktoban 2022. Ana ta murnar raguwar hayaƙi, ba a cika tambayar abin da aka bari jibge a bayan katanga ba.

Kwal idan ya ƙone yakan bar toka iri biyu: mai laushi kamar gari, wadda ke tashi da hayaƙi a tare ta kafin ta fita sama, da mai nauyi kamar tsakuwa da ke zubowa ƙasan murhu. Shekara da shekaru, hanya mafi arha ita ce a dama tokar da ruwa, a tura ta cikin bututu zuwa wani ƙaton rami kusa da tashar, galibi a bakin kogi, ba tare da an shimfiɗa komai a ƙasan ramin ba. Tokar na ɗauke da dalma da arsenik da zaiba da wasu ƙarafa masu guba, ruwa kuma yana jan su a hankali zuwa ƙarƙashin ƙasa, inda rijiyoyi ke sha. A 2019 wasu ƙungiyoyin kare muhalli biyu na Amurka sun tattara alƙaluman da kamfanonin suka wallafa da kansu, suka gano cewa a kashi 91 cikin 100 na tashoshi 265, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya gurɓata fiye da ƙima.

Bala'i mafi girma ya faru ne a Kingston ta jihar Tennessee, a Disamban 2008, lokacin da bangon wani kududdufi ya ɓalle, taɓon toka sama da mita kubik miliyan 4 ya binne gonaki da gidaje. Sharewar ta ci fiye da dala biliyan ɗaya. An yi jigilar mafi yawan tokar da aka yaso daga kogi a jirgin ƙasa zuwa juji kusa da Uniontown a Alabama, gari na talakawa da akasarinsu baƙaƙen fata ne. Ma'aikatan sharewar da dama sun kamu da cututtuka, gwammai sun mutu, iyalansu suka shafe shekaru a kotu.

Duk da haka sai a 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta fitar da dokar farko kan tokar kwal, kuma ta tsame kududdufan tashoshin da suka riga suka daina aiki. Wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce a 2018 wannan keɓewa ba ta da hujja, tunda kududdufin da ba mai kula da shi ya fi zama haɗari. An toshe gurbin a Afrilun 2024. Shekara ba ta zagayo ba gwamnatin Donald Trump ta sanar a Maris 2025 cewa za ta sake duba dokar, daga baya ta gabatar da shirin ƙara wa kamfanoni wa'adi.

Taƙaddamar a kan hanyoyi biyu take. Kamfanoni sun fi son a tsotse ruwan, a rufe tokar da leda da ƙasa a inda take, domin hakan ya fi sauƙin kuɗi. Mazauna yankunan na cewa murfin sama ba ya hana komai idan ƙasan tokar na jiƙe cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa, don haka a kwashe ta gaba ɗaya zuwa juji mai shimfiɗa, ko a sarrafa ta. A North Carolina mazauna ne suka yi nasara: a farkon 2020 kamfanin Duke Energy, mai tashar kogin Dan, ya amince ya kwashe kusan tan miliyan 80 daga wurare shida. Jihar Virginia ta yi doka a 2019 da ta tilasta wa kamfanin Dominion kwashe tokar tashoshi huɗu tare da sarrafa aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu.

A nan ne kasuwa ta shigo da wani sauyi da ba a zata ba. Masu haɗa kankare sun daɗe suna maye gurbin kashi 15 zuwa 30 na siminti da toka mai laushi, saboda tana ƙara wa gini ƙarko, tana rage tsagewa, ga arha. Tana kuma rage hayaƙi, tunda sarrafa siminti shi kaɗai na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya. Da tashoshi suka fara rufewa, sabuwar toka ta yi ƙaranci, sai ido ya koma kan tsohuwar da ke kwance a kududdufai. Ana tono ta, a busar, a tankaɗe, a sake ƙone ragowar kwal ɗin da ke ciki, sannan a sayar. Abin da ake biya a zubar jiya ya zama haja, har kamfanin kayan gini na CRH ya sanar a 2025 cewa zai sayi Eco Material, ɗaya daga cikin manyan dillalan toka na Amurka, kan dala biliyan 2.1.

Sai dai kar a yi saurin cewa kasuwa ta warware matsalar. Masana'antu uku da Duke ya gina don sarrafa tsohuwar toka, bisa tilascin dokar jihar, na iya fitar da kimanin tan miliyan 1.2 a shekara idan an haɗa su. Wanda ya auna wannan da tan miliyan 80 zai ga aikin fiye da shekara 60. Toka kaya ce mai nauyi mai arha, kuɗin mota na cinye ribarta idan tafiya ta yi nisa, kuma ba kowace toka ce ke da ingancin shiga kankare ba. Mafi yawanta juji za ta koma. Kamfanin ya ƙiyasta aikin gaba ɗaya a dala biliyan 8 zuwa 9, kuma babban kaso yana fitowa ne daga takardar kuɗin wuta ta jama'a, ciki har da waɗanda ba a haife su ba lokacin da aka ƙone kwal ɗin.

Maganar ba ta tsaya a Amurka ba. A Nijar, kamfanin Sonichar yana ƙona kwal ɗin Anou Araren a Tchirozérine, arewa da Agadez, tun 1981, da injina biyu masu ƙarfin megawat 18.8 kowanne, yana ba mahaƙan yuraniyom da garuruwan yankin wuta. Kwal ɗin mai yawan toka ne, ana kuma jibge ta a fili. A hamada haɗarin ya sha bamban da na bakin kogi: ba a fargabar ɓallewar bango, amma akwai iska mai kwasar ƙura da ambaliyar damina a yankin da kowa ya dogara da rijiya. Masu bincike na cibiyar 2iE da ke Wagadugu sun gwada yin bulo da tokar Sonichar, sakamakon ya nuna za a iya gini da shi. Wannan ya fi dacewa da wurin, domin masana'antar siminti ta Malbaza na da nisan ɗaruruwan kilomita, ita kuwa Agadez mai buƙatar bulo tana kusa.

Mutanen Arlit sun riga sun ga yadda irin wannan lissafi yake ƙarewa. Kamfanin Cominak ya rufe mahaƙarsa a Maris 2021, ya bar kimanin tan miliyan 20 na dattin yuraniyom da har yanzu ake muhawara kan yadda za a rufe shi. Sonichar kuwa gwamnati ce ke da kaso mafi tsoka a cikinsa, wato duk ranar da injinansa masu shekara fiye da 40 suka tsaya, baitulmali ne zai gaji tulin.

Shirin Salkadamna a jihar Tahoua, da gwamnatoci daban-daban suka sha alƙawarin gina wa tashar kwal, yana da damar da Sonichar bai samu ba: yana jiha ɗaya da Malbaza. Amma tun a zanen tashar da yarjejeniyar masu zuba jari ake yanke ko za a shimfiɗa ƙasan juji, ko za a riƙa ware kuɗin rufewa daga kowace shekarar aiki, da kuma yadda za a tara tokar. Wadda aka tara a bushe ana iya loda ta a tirela kai tsaye zuwa masana'antar siminti. Wadda aka jiƙa a rami sai an gina wata masana'antar kafin ta sayu.