Shingen jan ƙarfe ba ya tare mai fiffike

A ƙasashen Turai, inda ƙasa ba ta rabuwa da laima, babban abokin gābar mai garka shi ne dodon koɗi, musamman irin nan marar kwanso da ke fitowa da dare yana huda ganyen salati. Don haka suka ƙirƙiro wata dabara: a kewaye fangali da siririn jan ƙarfe. Ana cewa in yauƙin jikin dabbar ya taɓa ƙarfen, sai ta ji kamar an tsikare ta, ta juya.

Dabarar tana da daɗin ji, amma a shekara ta 2018 babbar ƙungiyar masu garka ta Ingila, RHS, ta gwada ta bisa salati tare da ɓawon ƙwai da tsakuwa. Ba a ga bambanci ba tsakanin shukar da aka kewaye da wadda aka bari. Ga kuma tsada: jan ƙarfen da ɓarayi ke tone wayar lantarki dominsa, wa zai kwana da shi a fili bakin Isa?

Mai garka na Gamkalle ko Saga ko Gunti Yena, wanda ya riƙe noman rani tun kiran Seyni Kountché bayan farin 1984, ɓarnarsa daga sama take saukowa. Wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne ke saka ƙwai a ganyen shu, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta mai da shi rariya. Ɗan'uwansa, Tuta absoluta, ya baro Amurka ta Kudu, ya shiga Spaniya a 2006, ya cinye tumatirin Kano da Kaduna a 2016, kuma bai ƙyale Nijar ba. Me shingen ƙasa zai yi wa mai tashi?

Abin da manomi ke yi shi ne feshi, sau da yawa da maganin da ya saya a kasuwa ba takarda, ba awo. Kwana kaɗan salatin ya iso cikin kwanon uwargida, a ci shi ɗanye.

Alhali shingen da ya dace yana cikin kowane ɗaki. Masu bincike a ƙasar Benin sun nuna cewa lulluɓe shu da raga mai kama da sange yana rage tsutsa ƙwarai. A kafa 'yan sanduna bisa fangalin dashe, a shimfiɗa ragar, a danne bakinta da ƙasa kafin faɗuwar rana. Sai dai sangen da likita ta raba yana da magani a jikinsa, na gadon yara ne, ba na garka ba.