Grand Central Ba Ta Dutse

A shekarar 1960 wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, Thomas Schelling, ya wallafa sakamakon wata tambaya da ya yi wa mutane: an ce ka haɗu da wani a birnin New York, ba a faɗa maka wuri ko lokaci ba, kuma babu halin ku yi magana. Ina za ka je, da ƙarfe nawa? Mafi yawansu suka zaɓi tashar jirgin ƙasa ta Grand Central, kusan dukansu kuma suka ce sha biyun rana. Kowa ya zaɓi inda yake ganin ɗan'uwansa zai yi tsammanin ya zaɓa. Mu kira irin wannan wuri mahaɗa. Wannan tunani na cikin aikin da ya kai Schelling ga kyautar Nobel a 2005.

Rigimarmu da masu haddace wannan misali ne, su ɗauka amsar New York ita ce amsar duniya. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san irinsu: a kawo tsarin da aka gina kan agogo da lambar gida, a fassara shi da Hausa, idan mutanen Kiyawa ko Jahun ba su yi amfani da shi ba a ce ba su waye ba. A 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa sun ja hankali kan cewa kashi 96 cikin ɗari na mutanen da ake gwaji a kansu a manyan mujallun nazarin halayyar ɗan Adam sun fito ne daga ƙasashen da ke ɗauke da kashi 12 kacal na al'ummar duniya. Da wannan ma'auni ake so a auna mu?

Ai kowa ya ga abin da ya faru a 2023. Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1,000 za su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara. Duk da haka 'yan kasuwa da dama suka ci gaba da ƙin karɓar tsohuwar ɗari biyar da dubu, har sai da Babban Bankin Najeriya ya yi magana bayan kwana goma. Mai tireda bai zauna taro da mai awo ba. Kowannensu tambaya ɗaya yake wa kansa: idan na karɓa, gobe wani zai karɓa a hannuna? Hukuncin kotu bai zama mahaɗarsu ba, bakin banki suke jira. Wanda bai fahimci wannan ba zai yi ta fitar da sanarwa, jama'a na kallon wani wuri daban.

Mahaɗu kuwa muna da namu tun kaka da kakanni. Babu mai aika wa fatake goron gayyata zuwa Shuwarin ranar Litinin ko Maigatari ranar Alhamis. "Bayan la'asar" ta fi "ƙarfe huɗu" ƙarfi a bakin mutane da yawa. Abin da ya rage shi ne a auna, a daina kintace.

Gwajin ba shi da tsada, amma yana da ƙa'ida. A raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashin farko a ce kowa ya ambaci wuri ɗaya a Dutse, duk wanda ya ga dama. Kashi na biyu a ce za a biya ka ne kawai idan amsarka ta yi daidai da ta wani da ba ka sani ba. Irin wannan rabo Judith Mehta da Chris Starmer da Robert Sugden suka yi a Ingila a binciken da suka wallafa a 1994. Bambancin amsoshin gidajen biyu shi ke nuna ko mahaɗar gaske aka samu ko son rai ne kawai. Kada a ba da jerin zaɓi, domin ido kan faɗa kan na farko. A karɓi wayoyi, a yi tambayar da baki saboda wanda ba ya karatun boko, kada mai unguwa ya zauna a wurin, a biya kuɗin a hannu nan take. A kuma ware amsoshin mata da na maza, na ɗan birni da na baƙo daga ƙauye, domin ƙofar fadar sarki a Garu da tashar mota ba lallai su zama mahaɗar kowa ba.

Wani zai ce wannan wasan 'yan boko ne a jihar da ke fama da talauci. To ya tuna ambaliyar 2022. Idan ruwa ya shigo da tsakar dare, waya ta mutu, iyali suka rabu, ina kowa zai nufa: makarantar firamare, masallacin Juma'a, ko bakin kwalta? Wanda ya san amsar ya san inda zai ajiye kwalekwale da magani da abinci tun kafin damina.

Jami'ar Tarayya ta Dutse tana nan tun 2011, ga kuma Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa. Ɗaliban lissafi da tattalin arziki da kwamfuta na neman abin da za su rubuta a aikin kammala digiri. Ga tambaya a ƙofar gida, a ƙananan hukumomi 27. Mu dai a shirye muke mu rubuta manhajar tattara amsoshin, da sharaɗin a fara tambayar mutanen Jigawa da harshensu kafin a zana musu komai.