Turaren wuta ba sabulu ba ne: zare kan tawul, akwatin lefe da kafur

1/ Da bakina zan faɗi maganar da za ta rage min ciniki. Shekara shida ke nan ina haɗa turaren wuta da humra ina sayarwa tsakanin Gwarzo, inda aka haife ni, da Kabo, inda nake aure. Yau na zo in ce muku turare ba sabulu ba ne, ba kuma rana ba ne. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo 🧵

2/ Da damina ta kankama, saƙo ɗaya ne ke cika min waya: "Anti, tawul ɗina da zannuwan gado suna wani irin wari, wane turare ne mai ƙarfi da zai kashe shi?" Da can farashi nake turawa in ja bakina. Yanzu na daina. Amsar ita ce babu. Ko daga Maiduguri aka kawo shi yau, babu.

3/ Kun taɓa shiga ɗaki kun ji sandal da hawi a sama, a ƙarƙashinsu kuma wani bashi-bashi irin na tsumman goge-goge? Wallahi wannan haɗin ya fi warin shi kaɗai tayar da zuciya. Baƙuwa ba za ta faɗa miki ba. "Masha Allah, ɗaki ya yi ƙamshi" za ta ce. A mota za a yi zancen.

4/ Bari mu fara da inda warin ke fitowa. Duk goga ɗaya da aka yi da tawul, ya kwashi gumi, maiƙon jiki, man shafawa da ɓurɓushin fata. Ga kuma ruwa. Abinci da abin sha ke nan aka haɗa wa ƙwayoyin bakteriya a wuri ɗaya. Su ke ci, abin da suke fitarwa kuma shi hancinki ke ji.

5/ Ba shaci-faɗi ba ne. A 2012 wasu masu bincike a Japan sun wallafa cewa wata ƙwaya mai suna Moraxella osloensis ce kan gaba wajen warin nan na wankin da bai bushe da wuri ba. Taurin rai gare ta, wankin ruwan sanyi bai cika gamawa da ita ba. Zafi take tsoro, danshi kuma shi ne gidanta.

6/ To ku faɗa min, hayaƙin kasko na minti goma a ƙarƙashin kabbasa me zai yi mata? Lulluɓi kawai aka yi. Kwana biyu ƙamshin ya tafi, mai gidan tana nan, har ta hayayyafa. Sai a dawo wajena a ce turaren bai da ƙarfi. Turaren lafiyarsa ƙalau, tawul ɗin ne ba shi da lafiya.

7/ Kun san yadda Agusta take a wajenmu. Marka kwana biyu, uku, rana ba ta leƙo ba. Bango ya sha ruwa, siminti yana gumi, shanya ta kwana a igiya cikin ɗaki. Da safe a taɓa a ce "ai ya sha iska", a ninke a cusa a sif ɗin da ke manne da bangon nan. Fumfuna ta samu masauki kyauta.

8/ Laifi na biyu, kuma na san za a zage ni a kai: ajiyar gani-na-iya. An je Kantin Kwari an jido tawul dozin, zannuwan gado kala goma, barguna. An yi jere, dangin ango sun gani, an yi guɗa. Shi ke nan an rufe. Shekara uku suna cikin ledarsu kamar kayan gidan tarihi.

9/ A ƙofar banɗaki kuwa tawul biyu ne ke aikin gayya safe da yamma, ba su taɓa bushewa sosai ba tun ranar da aka kawo amarya. Goma na kulle suna tsufa, biyu na waje suna ruɓewa. Wa ake ajiye wa? In baƙi ne, ranar da suka zo za ki buɗe ki ji abin da leda ta dafa miki.

10/ Leda ba ta numfashi. Ɗan danshin da ya shiga tare da kayan ba shi da ƙofar fita, ga zafin bazara da ke haura digiri 40. Shi ya sa farin zanin gado ke fitowa da layin rawaya a kan ninki, da ɗigo-ɗigon baƙi da ba ya fita ko an dirje.

11/ Samari, na ga kuna dariya. Ku matso. Tawul ɗin nan da ke rataye a ƙusar bayan ƙofar shago, yaushe rabonsa da sabulu? Tun ƙaramar Sallah? Ka yi wanka tas, ka mayar da dattin wata biyu jikinka, ka bi da turaren feshi rabin kwalba. Malam, 'yan sahun da kake ciki a masallaci suna haƙuri da kai ne kawai 😅

12/ Duk wannan abin kunya ne kawai, ba ya kisa. Abin da ya sa na rubuta zaren nan shi ne na uku: ƙwallayen kafur da muke watsawa cikin akwati. A nan dariya ta ƙare.

13/ Bara ƙanwata ta haihu a Gwarzo, ɗa namiji, lafiyayye. Kayan jariri tun cikin na wata bakwai aka saye su: shawul, tawul, riguna, huluna, safa. Aka jera a akwati, aka zuba kafur saboda kyankyaso. Ranar haihuwa aka fito da su. Ba wanda ya wanke, wai ai sababbi ne.

14/ Warin kafur ɗin ya yi yawa, sai ni, gwanar turare, na ɗora su a kabbasa na turara har ya ɓuya. Da hannuna na naɗe yaron a tawul ɗin. Wannan ne abin da har yau in na tuna nake kasa barci.

15/ Kwana uku idonsa ya yi rawaya. Tsofaffi suka ce shawara ce, a riƙa sa shi a hantsi. Washegari ya ƙi kama nono, jikinsa ya saki, tafin ƙafarsa ma ya yi rawaya. Muka kai shi asibiti, daga nan aka ce mu wuce Kano a ranar. Ban taɓa jin tsawon titin Gwarzo zuwa Kano irin na wannan yammacin ba.

16/ Cikin tambayoyin farko da likita ta yi mana: "A ina kuka ajiye kayansa? Akwai kafur a ciki?" Muka kalli juna. Aka gwada jininsa, aka ce yana da ƙarancin wani sinadari da ake kira G6PD. Ranar na fara jin sunan.

17/ Ga yadda abin yake a taƙaice. Sinadarin nan shi ke kare jajayen ƙwayoyin jini. Ƙarancinsa gado ne, ya fi bayyana a maza, ɗa namiji kuma ta wajen uwa yake ɗauka. Yana da yawa a ƙasashen da ke fama da zazzaɓin cizon sauro, irin tamu. Mutum na iya girma da shi bai sani ba.

18/ Yawancin fararen ƙwallayen da muke saya a kanti da sunan kafur, naftalin ne, daga kwal ko man fetur ake samo shi. Ba shi ne kafur na bishiya da aka sani a ruwan wankan gawa ba. Suna ne ya zo ɗaya. Kuma shi na bishiyar ma guba ne in yaro ya haɗiye.

19/ Kin lura ƙwallon da kika ajiye kamar ƙwan kurciya, bayan wata biyu ya koma kamar gujiya? Ba ɓera ne ya ci ba. Iska ya zama, ya shige cikin zaren kayan. Jariri ya shaƙa, fatarsa ta tsotsa, balle ga man da muke mulke shi da shi, wanda ke ƙara sauƙaƙa masa shiga.

20/ In yaron na da ƙarancin G6PD, naftalin na fasa masa ƙwayoyin jini. Fashewar ce ke sakin abin rawayan nan fiye da yadda hantar jariri za ta iya kwashewa. In ya yi yawa ya taɓa ƙwaƙwalwa: kurumta, sanƙarewar jiki, wani lokaci rai. Hantsi ba ya maganin wannan matakin.

21/ Namu ya yi kwanaki a ƙarƙashin fitilar nan mai shuɗin haske, an rufe masa ido. Ranar suna an yanka rago a Gwarzo, maijego da jariri suna gadon asibiti a Kano. Alhamdulillahi ya tashi, yanzu har yana tafiya. Amma da kwana ɗaya muka ƙara muna shanya shi a hantsi, ban san me zan rubuto muku ba.

22/ Kar a juya min magana. Ban ce duk shawarar jarirai daga kafur take ba, da yawa na yin 'yar kaɗan ta wuce. Abin da na ce: ba a cika gwada G6PD ranar haihuwa a wajenmu ba, don haka ba ki san ko naki na ciki ba. Me zai sa ki yi caca da shi saboda kyankyaso?

23/ Tarayyar Turai ta hana sayar da ƙwallayen naftalin na ajiyar kaya tun 2008. Mu kuwa a tire ɗaya ake jera su da ashana da alawa. Farare, zagayayyu, daidai bakin mai rarrafe. Ku yi tunanin wannan.

24/ Na san masu cewa "mu ma da kafur aka raine mu, ga mu nan garau". Eh, ga ku nan. Waɗanda abin ya kayar ba su da waya balle su zo su ba ku amsa. A lokacin sai a ce iska ce, ko baki, ko maita, a yi haƙuri. Ba wanda ya waiwayi akwati.

25/ Kuma ba gaskiya ba ne cewa haka iyaye suka yi duka. Kakata ta Getso adaka ɗaya gare ta, a kan duwatsu huɗu take, ba ta taɓa ƙasa. Da rana ta fito bayan marka za ta ce, "'Yar nan, zo mu ba kaya iska." Komai sai ya hau igiya. Kajiji da kanumfari take ƙullewa a ƙyalle ta jefa ciki. Turare shi ne na ƙarshe.

26/ Mu ne muka juya lissafin, muka sa na ƙarshe ya zama na farko. To ga yadda nake yi yanzu. Ba na ajiye abin da ban wanke ba, ko sau ɗaya aka yi amfani da shi. Sabo ma ina wankewa, musamman na jariri. Omo kaɗan, ɗauraya da yawa, don ragowar kumfa da ta maƙale ita ma tana riƙe datti.

27/ Tawul ɗin da ya riga ya kama wari, jiƙa shi a ruwan zafi sosai kafin wanki, a ɗaurayar ƙarshe a zuba ɗan khal. A shanya a buɗe a kan igiya, ba a ninke biyu ba, ba kuma a ƙasa ko kan ciyawa ba. Akwai ƙudan da ke yin ƙwai a kayan da ke da danshi, tsutsar ta shige fata. Guga mai zafi na kashe ƙwan.

28/ Bushewa ba a tsakiyar tawul ake gwada ta ba, a bakin ɗinki ne, inda ya fi kauri. In da shakka, a ƙara masa rana. Bayan guga a bar shi ya huce kafin a ninke, in ba haka ba tururin kika kulle a ciki.

29/ A cire leda, a naɗe kaya a tsohon zani mai tsafta ko rigar filo. Akwati ya hau bulo ko katako. Sif ya matsa daga bango ko da faɗin tafin hannu ne. Kar a danna kaya har ƙofa ta ƙi rufuwa. A damina duk ranar da rana ta fito a buɗe. A hunturu kuma a kwashe shanya da wuri, a kakkaɓe ƙura.

30/ Tawul goman nan na kulle, a fito da su a riƙa juya su. Kowa da nasa, a wanke bayan amfani uku ko huɗu. Sai bayan duk wannan ki kawo kasko ki ga yadda turare ke kama busasshen kaya har sati biyu. Na jariri kam a bar su haka nan, hayaƙi ba abokin ƙirjinsa ba ne.

31/ "Ruwa tsada, Anti." Gaskiya ne, ni ma wajen 'yan garuwa nake saye in famfo ya ƙi. Amma lissafa jarka nawa kuɗin kwalbar turare ɗaya zai saya. "Ba wuta." Dutsen guga na gawayi bai mutu ba. "Kyankyaso fa?" Danshi da ɓurɓushin abinci ke kiransa. Busasshen akwati mai murfin kirki bai ba shi komai.

32/ 'Yan uwana masu sana'ar turare, mu ji tsoron Allah da tallan "yana kashe kowane irin wari". Mun san ƙarya ne. Magidanta kuma, ku daina auna tsaftar mace da yawan hayaƙin da ya tare ku a ƙofa. Sayo sabulu, ɗaura mata igiya mai kyau, ka kuma daina jefa jiƙaƙƙen tawul a kan katifa.

33/ Aikin gida na daren yau: jawo akwatin ƙasan gado, zaro abin da ke can ƙasa, ki shinshina. In akwai kafur, ƙulle shi ki yar inda yara ba sa kaiwa, kayan kuma su sha iska a waje na kwanaki, a wanke, a sake wankewa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

34/ In kin san mai ciki ko maijego, tura mata zaren nan. In kuma kun ga idon jariri ya yi rawaya, asibiti a ranar, ba sai an jira suna ba. Turare na nan ina sayarwa, ban fasa ba. Amma in kika turo min saƙon tawul mai wari, tambayata ta farko ita ce: ya bushe?