Kafin Mu Zargi Kwamfuta, Mu Auna Wutarta

 

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Gouro, ko ta Adjamé ko ta Treichville, ya san cewa ciniki ba ya faɗawa sai an yi awo. Matan Gouro da suka kafa kasuwar ba sa karɓar buhun tattasai da ka, haka ma 'yan'uwanmu masu kawo albasar Galmi ba sa sallama kaya sai sikeli ya yi magana. Abin mamaki, mu ɗin nan idan muka taka zuwa Black Market ta Adjamé don sayen tsohuwar kwamfutar tebur, da zarar fuskarta ta kawo haske sai mu zaro kuɗi mu biya.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne labarin wani ɗan'uwanmu, dillalin albasa, wanda ɗansa ke rubuta masa lissafin bashi a kwamfuta. Sai ta fara mutuwa da kanta tana sake tashi. Aka ce ƙwayar cuta ce, aka wanke ta sau biyu, aka sauya mata ma'ajiyar bayanai, duk a banza. A wankin farko ma wani ɓangare na sunayen masu bashi ya salwanta. Daga baya ne wani mai gyara ya ɗora ma'auni, sai ga laifin yana cikin akwatin wuta, wanda masu gyara a nan ke kira alimantasiyon.

Aikin wannan akwati shi ne ya karɓi wutar bango ta kamfanin CIE, mai ƙarfin volt 220 zuwa 230, ya mayar da ita ƙananan wutar da kayan cikin kwamfuta ke sha. Ƙa'idar da ake bi sunanta ATX, kamfanin Intel ne ya fito da ita a 1995. Manyan layukan uku ne, kuma a kowane an yarda wuta ta hau ko ta sauka da kashi 5 cikin 100. Waya mai ruwan ɗorawa tana ɗauke da volt 12, iyakarta daga 11.4 zuwa 12.6. Jar waya tana ɗauke da volt 5, daga 4.75 zuwa 5.25. Mai ruwan lemo tana ɗauke da volt 3.3, daga 3.14 zuwa 3.47. Baƙar waya kuwa ita ce ƙasa, wato da ita ake gwada sauran. Idan wuta ta gaza iyaka, kwamfuta kan sandare ko ta mutu ana tsakiyar aiki. Idan ta zarce, tana iya ƙona kayan ciki.

Hanyar dubawa biyu ce. Ta farko ba ta bukatar kayan aiki: da an kunna kwamfuta sai a danna maɓallin Del ko F2 a shiga BIOS, a nemi shafin da ke nuna zafi da ƙarfin wuta. Wannan kamar ɗaga buhu ne da hannu a kimanta nauyinsa, domin lambobin kan ɗan kauce, kuma wasu kwamfutoci ba sa nuna su.

Ta biyu ita ce amfani da ma'aunin wuta, wato maltimita, wanda kowane mai gyara na ƙwarai yake da shi. A juya shi zuwa DC, a kan lamba 20. A buɗe murfin gefen kwamfutar, a nemi kan waya mai rami huɗu da ba a jona da komai ba. A sa baƙin tsinken ma'auni a ramin baƙar waya, jan tsinke a ramin mai ruwan ɗorawa, a karanta. Sannan a mayar da shi ramin jar waya. Volt 3.3 kuwa a babban kan waya mai rami 20 ko 24 ake samunsa. Wasu sababbin akwatuna wayoyinsu duka baƙaƙe ne, waɗannan sai a bar wa gwani. A kula kada tsinken ya haɗa ramuka biyu a lokaci guda.

Sharaɗin da aka fi mantawa shi ne a yi awon kwamfuta tana aiki. Akwatin da ya gaji yakan nuna volt 12 cif idan babu nauyi a kansa, amma da an buɗe bidiyo ko wani aiki mai nauyi sai ya faɗi ƙasa da 11.4. Saboda haka idan mai sayarwa ya haɗa koriyar waya da baƙa, fanka ta juya, ya ce ga shi lafiya lau, mu sani ya nuna mana cewa akwatin yana tashi ne kawai. Mu roƙe shi ya auna a gabanmu, mu ga lambobin da idonmu. Mu kuma sani cewa ma'auni ba ya kama ƙananan rawar wuta, don haka idan lambobi sun yi daidai amma matsala ba ta tafi ba, a gwada wani akwatin da aka tabbatar da lafiyarsa.

Sai gargaɗi, musamman ga yaranmu masu son kwance-kwance. Kada kowa ya kwance akwatin wutar kansa, ko da an zare shi daga bango, domin akwai kayan da ke riƙe wuta mai iya kisa a cikinsa. Idan ya lalace, sauya shi ake yi. Haka nan tsofaffin kwamfutoci da yawa suna da ɗan jan maɓalli a baya mai rubutun 115 da 230. Wadda ta fito daga Amurka tana iya zuwa a kan 115, kuma idan aka jona ta haka a Abidjan nan take za ta ƙone. A tabbata yana kan 230 kafin a kunna. Masu kwamfutar tafi-da-gidanka kuma su duba cewa volt ɗin da ke rubuce a jikin caja, galibi 19 ko kusa da haka, ya yi daidai da na ƙasan kwamfutar.

Laimar garin nan da ƙurar hunturu suna toshe fanka, zafi kuwa shi ke tsufar da akwati, don haka a riƙa kaɗe ƙura, a ɗaga kwamfuta daga ƙasa, a zare ta daga bango idan hadari ya taso da tsawa. Wanda yake da hali ya saya mata ondiler mai riƙe wuta idan an ɗauke. Lissafin bashi kuma a ajiye kwafinsa a wani wuri, a kuma bar littafin takarda yana aikinsa, domin haƙƙin mutane ne a ciki.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya sa albarka a kasuwancinmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.